Yadda na gyara wayar oven da ke ɗaukar zafi a Gusau

Wata Hajiya mai yin kek a Tudun Wada ta sayo oven mai cin wat 4,000, ta ce in haɗa mata. Takardar kamfanin ta ce waya 2.5mm da bireka mai amp 20, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan abin da ake ja ya wuce amp 20. Haka na yi, na zura wayar cikin bututu ta saman silin.

Bayan mako guda ta kira ni: "Malam, warin roba nake ji." Da na hau sama da azahar, sai na tarar ƙarƙashin kwanon nan kamar tanda, robar wayar har ta fara laushi. Raina ya ɓaci sosai, domin gidan cike yake da yara.

Teburin ƙa'idar haɗa waya ne ya nuna min kuskurena. Amp 24 da 2.5mm ke ɗauka a bututu, a zafin digiri 30 aka ƙiyasta shi. Idan wurin ya kai 50, ana ninkawa da 0.71, saura kusan 17 ke nan. Oven ɗin kuma a bolt 230 yana jan amp 17 da ɗoriya, wato ya ɗan wuce ƙarfin wayar, birekar 20 kuwa ba za ta faɗi ba. Kamfanin mafi ƙanƙantar waya ya faɗa, bai san bazarar Zamfara ba.

Na bar birekar yadda ya ce, tunda ita ta dace da na'urarsa. Wayar na mayar 4mm, wadda ko a wannan zafin ke ɗaukar wajen 22. Kuɗin sabuwar wayar ni na biya. Hajiya ta so mu raba, na ce a'a.