Yadda Ake Gasa Talotalo Guda a Cikin Hayaƙi Domin Abincin Biki

Talotalo guda da aka gasa a cikin hayaƙi yana ƙosar da taron mutane, amma yana da wata wahala da ya kamata mai girki ya sani tun kafin ya hura wuta. Tsuntsu ɗaya ne, sai dai nama iri biyu ne a jikinsa. Naman ƙirji fari ne, ba shi da kitse sosai, kuma da zarar zafin cikinsa ya zarce digiri 74 a ma'aunin Selshiyos sai ya riƙa zubar da ruwansa da yawa, har ya zama tamkar dusa a baki. Naman cinya kuwa yana da duhu da jijiyoyi, kuma ba ya yin laushin da ake so sai ya kai wajen digiri 80. Kusan duk dabarun aikin nan suna komawa ne ga yadda za a sa cinya ta nuna sarai ba tare da ƙirji ya bushe ba.

Abin da ake nufi a nan gashi ne da zafi matsakaici a cikin rufaffen wuri mai hayaƙi, inda naman zai nuna a ci shi a ranar, da ruwansa a jikinsa. Ba busar da nama ake yi domin ajiya ba, don haka ba a buƙatar kwanaki a kan wuta.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen tsuntsun. A ganina talotalo mai nauyin kilo 5 zuwa 6 shi ne daidai, kuma idan baƙin suna da yawa gara a gasa ƙanana biyu da a gasa ƙato ɗaya. Dalilin ya shafi lafiya. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela suna saurin hayayyafa a cikin nama matuƙar zafinsa yana tsakanin digiri 4 da digiri 60, kuma ƙaton tsuntsu a kan wuta mai sauƙi yakan daɗe a cikin wannan tazara kafin zafi ya ratsa tsakiyarsa. Wajen lissafin masu ci, rabin kilo na ɗanyen talotalo ga kowane mutum yana wadatarwa, tunda ƙashi yana cikin nauyin. A kuma karanta rubutun da ke jikin ledar, domin wasu kamfanoni suna ɗura wa naman ruwan gishiri tun daga masana'anta, kuma irin wannan idan aka ƙara masa gishiri da yawa ba zai ciwu ba.

Idan daskararre aka saya, narkar da shi yana cin lokacin da mutane da yawa ba sa zato. A cikin firiji, kowane kilo 2 yana buƙatar kimanin awa 24, wato tsuntsu mai kilo 6 zai ɗauki kwana 3. A ajiye shi a cikin tire mai zurfi a can ƙasan firiji domin kada ruwansa ya ɗiga a kan sauran abinci. Wanda lokaci ya ƙure masa zai iya nutsa shi da ledarsa a cikin ruwan sanyi, yana canza ruwan duk bayan minti 30, a kan lissafin awa ɗaya da 'yan mintoci ga kowane kilo, amma wanda aka narkar ta wannan hanya sai a gasa shi nan take. Kada a bar shi a kan teburin kicin ya kwana, domin fatarsa za ta ɗumama tun cikinsa yana ƙanƙara. Bayan ya narke a ciro wuya da ƙundu da hanta waɗanda galibi ake cusawa a cikinsa, a tsane jikinsa da takardar goge hannu. Wanke shi a ƙarƙashin famfo ba ya kashe ƙwayar cuta, sai ma ya fantsama ta a kan kwanuka da tebur.

Sa gishiri tun da wuri shi ne matakin da ya fi kowane tasiri a kan laushin ƙirji, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce jiƙa tsuntsun a ruwan gishiri, gram 50 zuwa 60 a kowace lita, na tsawon awa 12 zuwa 18 a cikin firiji. Tana aiki, sai dai tana buƙatar babban mazubi, tana cinye wuri, kuma takan bar fatar a jiƙe. Ta biyu, wadda na fi so, ita ce shafa busasshen gishiri, kimanin gram 10 ga kowane kilo na nama. A sa yatsu a hankali tsakanin fata da naman ƙirji a raba su ba tare da an yaga ba, a shafa gishirin kai tsaye a kan tsoka, sannan a shafa sauran a kan cinyoyi da cikin tsuntsun. Da farko gishirin zai jawo ruwa waje, har a ga jikin yana naso, amma bayan wasu awoyi ruwan zai koma ciki tare da gishirin da ya narke. Gishirin yana sassauta tsokar ta yadda idan zafi ya taɓa ta ba za ta takure ta matse ruwanta waje sosai ba. A bar shi a firiji awa 24 zuwa 48, kuma a daren ƙarshe a bar shi a buɗe babu rufi. Da safe za a tarar da fatar ta bushe, ta ɗame, tana ɗan sheƙi, har ana hango launin naman ta cikinta. Wannan ita ce fatar da take yin ja ta yi ƙaras-ƙaras a wuta. Duk wanda ya haɗa kwanakin narkarwa da na gishiri zai ga cewa shirin yana farawa ne kwana 4 ko 5 kafin ranar biki.

Kayan ƙamshi ba sa buƙatar dogon bayani. Masoro, garin tafarnuwa, garin albasa da ɗan jan barkono mara yaji, a kwaɓa su da mai ko man shanu, a shafa a ƙarƙashin fata da samanta. Kada a ƙara gishiri, kuma a rage sukari domin yana baƙanta fata. Cikin tsuntsun a bar shi kusan fanko, in ban da rabin albasa ko rabin lemun tsami. Cusa masa shinkafa ko burodi yana hana zafi zagayawa, kuma abin da aka cusa yakan sha ruwan ɗanyen nama ya kasa kai zafin da zai kashe ƙwayar cuta, saboda haka a dafa shi daban.

Akwai wata dabara da take rage matsalar ƙirji da cinya ƙwarai, ita ce a yanke ƙashin baya da almakashin kicin mai ƙarfi, a kifa tsuntsun, a danna ƙashin ƙirji da tafin hannu har ya yi ƙara ya baje. Bajajjen talotalo yana nuna da sauri, cinyoyinsa suna fitowa fili su sami zafi, hayaƙi kuma yana taɓa ko'ina. Abin da ake rasawa kawai shi ne kyan ganin tsuntsu a dunƙule a tsakiyar tebur, wanda wasu ba sa son rabuwa da shi a ranar biki.

Game da kayan aiki, wanda yake da na'urar gashin hayaƙi ya huta, amma murhun gashi na gawayi mai murfi da ƙofofin iska ma yana yi. Sharaɗin shi ne kada naman ya zauna a saman garwashi kai tsaye. A tara gawayin a gefe ɗaya, a ajiye tiren alminiyom mai ɗan ruwan zafi a ɗaya gefen, sannan a ɗora talotalon a kan raga daidai saman tiren. Ruwan yana daidaita zafi, yana kuma tare kitsen da ke ɗiga domin kada ya kama da wuta. Kada a kunna gawayin da kananzir ko fetur, domin warinsu yana bin nama. Dole ne kuma a yi aikin a waje inda iska take kaɗawa, nesa da bango da rumfa, domin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki ko gareji.

Gawayi ne yake ba da zafi, itace kuma shi ne yake ba da ƙamshi. Naman talotalo yana saurin ɗaukar hayaƙi, don haka busasshen itacen 'ya'yan itatuwa mai sauƙin ƙamshi, kamar na tuffa ko na ceri, ya fi dacewa da shi. Guntaye biyu ko uku masu girman dunƙulen hannu sun isa. A guji itatuwa masu ƙaro, da ɗanyen itace, da duk katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa maganin gara. Kada a yi gaggawar ɗora nama da zarar an jefa itacen. Da farko hayaƙin yakan fito fari, mai kauri, yana murtukewa, kuma shi ne yake sa nama ɗaci. A jira har ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa yana fita ta ƙofar murfi. Ƙofar sama a bar ta a buɗe koyaushe domin hayaƙi ya riƙa wucewa, ta ƙasa kuma da ita ake ƙara zafi ko a rage shi.

Zafin da ya kamata a riƙe a cikin murhun shi ne digiri 135 zuwa 150. Wasu suna gasawa a digiri 110 kamar yadda ake yi wa naman shanu mai tauri, amma talotalo ba ya amfana da hakan, domin kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa ba ya narkewa sosai, sai fatar ta fito da yauƙi da tauri. A juya cinyoyin su fuskanci garwashi, ƙirji kuma ya kasance a ɓangaren da ya fi nisa da wuta. A lanƙwasa bakin fukafukai a ƙarƙashin jiki domin kada su ƙone, kuma kada a ɗaure ƙafafu tamau, saboda hakan yana hana zafi shiga matsematsi. Bayan an rufe murfi sai a yi haƙuri, domin duk buɗewa tana zubar da zafi tana ƙara tsawon aikin. Leƙawa sau ɗaya a awa, domin ƙara gawayi ko ruwan tire, ta wadatar. Idan an ga ƙirjin ya yi ja sosai alhali da sauran lokaci, sai a yafa masa takardar alminiyom sako-sako.

Tsuntsu mai kilo 5 zuwa 6 yakan ɗauki kimanin awa 3 zuwa 4 da rabi, amma wannan kintace ne kawai, domin iska da sanyin gari da irin murhun duk suna canza shi. Ma'aunin zafi mai tsinke shi kaɗai ne yake faɗin gaskiya, kuma ba na ba kowa shawarar ya fara wannan aiki ba tare da shi ba. Kafin ranar a gwada shi a cikin kofin da aka cika da ƙanƙara da ruwa, ya kamata ya nuna digiri 0. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa digiri 74 a matsayin mafi ƙarancin zafin da naman tsuntsaye zai kai kafin a ci, kuma a wuri uku ake aunawa, wato inda ƙirji ya fi kauri, da can cikin cinya, da gindin fiffike. A kula kada tsinken ya taɓa ƙashi, domin zai ba da lissafin da ba daidai ba. A fara aunawa tun ana saura awa ɗaya a kintacen da aka yi, kuma da ƙirji ya kai 74 a sauke. Idan cinya tana baya, a yanke ta a mayar da ita kan wuta ita kaɗai.

Kada launi ya ruɗi kowa. Naman da ya sha hayaƙi yakan yi ja-ja a ƙarƙashin fata ko da ya nuna sarai, saboda iskar da ke fita daga itace mai ci tana haɗuwa da sinadarin da yake ba tsoka launinta ta hana shi dusashewa. Mutane da yawa suna ganin haka su mayar da tsuntsun wuta har ya bushe, alhali ma'auni ya riga ya tabbatar da cewa ya nuna.

Bayan an sauke a bar shi ya huta minti 20 zuwa 30 ba tare da an naɗe shi tamau ba, domin tururi yana lausasa fatar da aka sha wahalar busarwa. Sannan a cire cinyoyi da fukafukai daga gaɓoɓinsu, a zare kowane ɓarin ƙirji ɗungurungum daga ƙashi, a yanka shi a gicciye yadda kowane yanki zai fito da fatarsa. Ruwan da ya taru a tire, idan an kwashe kitsen samansa aka tafasa shi sosai, yana yin romo mai ƙamshin hayaƙi, sai dai a ɗanɗana kafin a ƙara masa gishiri.

Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. A zare naman daga ƙashi, a zuba shi a ƙananan mazubai marasa zurfi domin ya yi saurin hucewa, a sa a firiji a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, ko a daskarar da shi a firiza. Duk lokacin da za a ɗumama, a tabbatar ya sake kai digiri 74, tare da ɗan romo a kai domin kada ƙirjin ya bushe.