Yadda na hana jirgin ɗana kifewa

Ɗana ya kalli bidiyon wasu iyali suna ƙetare Tekun Atlantika a jirgin ruwa mai ƙyallen kama iska, cikin iska mai ƙarfi, sai ya dage: "Baba, yi min irinsa." Na haɗa masa da gorar roba, tsinken tsire da ƙyalle. Muna sa shi a baho a tsakar gidanmu na Gwale, iskar hunturu ta kifar da shi. Yaron har da hawaye, abin ya taɓa ni.

Ashe sirrin yana ƙasa. Jiragen nan suna da ƙarfe ko dalma mai nauyi a ƙarƙashinsu, shi ke miƙar da su in sun karkata. Na ɗaure kusoshi 4 a ƙasan gorar, na naɗe rabin ƙyallen kamar yadda matuƙa ke yi idan iska ta tsananta. Ya karkata, ya miƙe, ya kai bakin baho.