Yadda Ake Auna Sahihancin Gwajin Jinyar Ciwon Damuwa ta Hanyar Tattaunawa

Duk mai karanta rahoton gwajin jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, ko don ciwon damuwa ko don fargaba, ya dace ya fara sanin cewa ba kowane gwajin da aka kammala ake bugawa ba. A shekarar 2015 Ellen Driessen da abokan aikinta sun bi sawun gwaje-gwaje 55 na jinyar ciwon damuwa da Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasar Amurka suka ɗauki nauyinsu tsakanin 1972 da 2008, suka tarar 13 ba su taɓa fitowa a mujalla ba. Da aka nemo sakamakon mafi yawansu aka haɗa da na sauran, ƙarfin jinyar ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Jinyar tana amfani, amma bai kai yadda mujallu suka nuna ba.

Saboda haka, kafin ka amince da rahoto, nemi lambar rajistar gwajin ka duba ta a ClinicalTrials.gov, shafin intanet da ake yi wa gwaje-gwajen jinya rajista, ko a PACTR, rajistar gwaje-gwajen jinya ta nahiyar Afirka, idan a Afirka aka yi shi. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka wajabta yin rajista kafin a ɗauki mutum na farko. Kwatanta ma'aunin da masu binciken suka rubuta tun farko cewa da shi za su yanke hukunci da wanda suka fito da shi a ƙarshe. Idan rajista ta ce ma'aunin Hamilton, wanda ake auna tsananin ciwon damuwa da shi, a mako na 12, rahoton kuma ya tsaya yana yabon ingantuwar barci, to akwai lauje cikin naɗi. A ganina, wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Sannan duba da wa aka kwatanta waɗanda aka yi wa jinyar. Idan da waɗanda aka ce su koma gida su jira ne, bambancin yakan kumbura, domin mai jira ba ya samun ko kulawar zama da mai sauraronsa. Majiyyaci ya san ana yi masa jinya, ba yadda za a ɓoye masa wannan, don haka wajibi ne mai auna sauƙin da ya samu ya kasance bai san ko yana cikin waɗanda aka yi wa jinyar ko cikin waɗanda aka kwatanta su da su ba.

Ƙirga waɗanda suka janye a tsakiya, ka tabbatar an sa su cikin lissafi, domin sau da yawa waɗanda ba su ga amfani ba ne suke daina zuwa. Idan kuma wanda ya ƙirƙiro jinyar shi ne ya gwada ta, nemi wani gwajin da masu bincike daban suka maimaita.