Thou ba usted ba ce

'Yan uwa masu koyon Sifaniyanci, idan kun ci karo da thou a tsohon Turanci, irin na Baibul ɗin King James na 1611, don Allah kada ku fassara ta da usted, wato kai ko ke na girmamawa a Sifaniyanci. Da yawa na ɗauka thou kalmar girmamawa ce, alhali ta kusanci ce, ga mutum ɗaya, kamar kai ko ke. Tú ce daidai.

Thee kuwa te ce, amma bayan kalma irin para (wato don) sai ta koma ti. Thy ita ce tu, marar alama a kan u. Inda aka fi tuntuɓe shi ne thine: tuyo ko tuya ce, sai dai a gaban suna mai fara da wasali aikin thy take yi, don haka thine eyes tus ojos ne. Ye jam'i ce, vosotros, wato ku.