Yadda ake shafa wa tayil ɗin yumɓu sila

Tun da na saka jan tayil na yumɓu a barandarmu, masu tambayar yadda nake kula da shi sun yi yawa. Shi wannan tayil tamkar randa yake, yana shan duk abin da ya zuba masa. Sai an toshe shi da man da ake kira sila. Ku tambaya wajen masu kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ku ce na tayil ɗin yumɓu.

1. A share ƙura tas.
2. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan.
3. A bar shi ya bushe, kwana 2 zuwa 3, da damina fiye da haka. Hattara, nan ake yin kuskure. Ni ma na taɓa gaggawa, danshi ya maƙale ciki, ya fito fari-fari kamar kanwa.
4. A gwada silar a bayan ƙofa, don wata takan sa launi ya yi duhu.
5. A buɗe tagogi.
6. A shafa da burushi, shafi marar kauri, daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa.
7. Bayan kamar minti 10, a goge rarar da busasshen tsumma. In an bari, danƙo zai yi, ƙurar hunturu ta manne.
8. In ya bushe, a ƙara shafi na biyu.
9. Kada kowa ya taka sai washegari.
10. A ɗiga ruwa. In ya tsaya bai shige ba, an gama.

Manja ko miya in ta zube, a goge nan take. Kada a wanke shi da asid ko lemun tsami, suna cinye silar.