Sarin bulon wasan yara a Gwanzu: yadda nake tantance Lego da masu bin sawunsa

Karon farko da na saro bulon wasan yara a Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa ke ce wa Gwanzu, hoton kwali na saya. Wata motar kashe gobara ce ja-wur, kwalin sai ƙyalli yake, mai shagon kuma yana ta ɗaga mini babban yatsa. Na kwashi katan ashirin. Da kaya suka iso Kano na buɗe ɗaya na ba autana. Yaro ya yini a kan tabarma yana harhaɗawa, da ya gama ya ɗaga zai nuna wa babarsa, sai motar ta wargaje a hannunsa. Bulon ba ya kama juna. Da ƙyar na rabu da kayan nan, a faɗuwa kuwa. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na taɓa bulon da hannuna.

Kafin ka shiga kasuwar, ɗan'uwa, ka san cewa kayan iri uku ne, ko da yake a kanta ɗaya za ka gan su jere.

Akwai Lego na asali, na kamfanin nan na garin Billund a ƙasar Denmak, wanda ya yi rajistar fasahar bulonsa a 1958. 'Yan Chaina Legao suke ce masa. Tun 2016 yana da masana'anta a Jiaxing, don haka ganin an rubuta "an ƙera a Chaina" a kwali ba ya nufin jabu ne. Amma kada ka zaci kusancin masana'anta zai sa ka same shi da araha. A manyan kantuna da shagunansa na kansa ake sayar da shi, da tsadarsa yadda ka san ta a Dubai. Duk wanda ya ja ka lungu ya ce yana da Lego a rubu'in kuɗi, ka yi masa godiya ka wuce. Ni dai sai wani Alhaji ya ba ni saƙo na musamman nake sayensa.

Iri na biyu shi ne inda cinikinmu yake: kamfanonin Chaina masu sunansu da zanensu. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da ba Lego ba ne sata ne, alhali ba haka ba ne. Wa'adin rajistar fasahar bulon ya ƙare da daɗewa, kuma a 2010 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Lego ba zai riƙe siffar bulon a matsayin tambarinsa ba. Kowa na iya ƙera bulo mai wannan awo, milimita 8 daga tsakiyar ƙullutu zuwa na kusa da shi, shi ya sa na wannan kamfani yake hawa kan na wancan. Sluban da Kazi sun yi suna wajen tankoki da jiragen yaƙi, fagen da Lego ya ƙi shiga, yaran Kano kuwa abin da suke so ke nan. CaDA da Mould King na motoci da katafila ne masu giya da inji da rimot, na yaran da suka tasa da kuma manya masu sha'awa. CaDA ma har lasisi yake karɓa daga masu motocin, irin su Suzuki. Wange na gine-gine ne, Keeppley yana da lasisin Pokémon, ga kuma Sembo da ke taɓa kowane fanni. Gasar da ke tsakaninsu ta yi zafi ƙwarai, kuma mu ta yi wa rana, domin ingancin robarsu a yanzu ya yi wa na shekaru goma baya fintinkau.

Na uku su ne masu kwafe. Su abin da doka ta hana suke yi: su ɗauki zanen Lego sukutum, da hoton kwalin da littafin haɗawa, su sauya harafi biyu a suna. Uban tafiyarsu shi ne Lepin. A watan Afrilun 2019 'yan sanda suka kai masa samame suka kama kayan kimanin yuwan miliyan 200, a 2020 kuma kotu a Shanghai ta ɗaure mai kamfanin shekara 6. Ƙannensa suna nan har gobe, a kwali marar suna ko marar adireshi. Arharsu tana jan ido, amma idan kwastan suka riƙe maka kaya ba ka da bakin magana, idan kuma guntu ya ɓace ba wanda za ka kama.

Wurin farawa a Gwanzu shi ne titin Yide da ginin Onelink, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Haizhu Square. Daga Xiaobei, inda yawancinmu ke sauka, ba nisa. A nan za ka iya haɗa katan ɗaya na wannan, biyu na wancan. In jarinka ya kai na cika kwantena, to hau jirgin ƙasa ka nufi Shantou, tafiyar kamar awa biyu zuwa uku, ka shiga gundumar Chenghai. Can ne gidan abin, yawancin sunayen da na lissafa daga can suke fitowa, kuma akwai manyan zaurukan baje samfur inda za ka yini kana zaɓa. Yiwu ma akwai, amma ni na fi ganin ta a wurin tarkacen araha. Kada ka je dab da sabuwar shekararsu, wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, masana'antu a rufe suke makonni.

Kalma huɗu na harshen Chaina sun ishe ka. Jimu shi ne bulon wasa. "Da keli" manyan ƙwayoyi ne, irin Duplo na kamfanin Lego, na yara ƙanana. Xiao keli shi ne daidai awon Lego. Wei keli kuwa 'yan mitsi-mitsi ne, ba sa hawa kan sauran, kuma nan ne baƙo ke shan ƙasa: a hoto ka ga gini ƙato mai guntu dubu, a buɗe ka ga bai fi tafin hannu ba. Ka tambaya kafin a ɗaure katan.

Ga yadda nake gwaji. Kullum akwai bulon Lego na asali guda biyu a aljihuna. Sai na ce a buɗe mini kwali ɗaya, in mai shago ya ƙi na saye shi. Na ɗauki nasu na danna a kan nawa. Mai kyau zai shige da 'yar ƙara "ƙas", ka juya shi ƙasa ka girgiza bai faɗo ba, kuma ka cire shi da yatsa ba sai ka sa haƙori ba. Wanda ya yi tsauri da yawa ma aibi ne, domin yaro da baki zai cire, ga haɗarin haɗiyewa. Daga nan na jera goma masu launi ɗaya na fita da su hasken rana, in jan ya rabu gida biyu na san robar gauraye ce. Na shafa gefen ko akwai kaifi. Na sansana. Robar ABS mai kyau ba ta da wari, wadda ke tashin ƙaurin taya ajiye ta. Sai na buɗa littafin haɗawa na duba ko yaro ɗan shekara bakwai zai bi hotunan ba tare da ya iya karatun Chaina ba, na kuma duba ko an sa wa ledojin ciki lamba. Guntu dubu biyu a leda marar lamba azaba ce, uban yaron zai dawo maka da shi.

A jikin kwali ka nemi tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta gwamnatin Chaina, da sunan masana'anta da adireshinta, da shekarun yaron da aka yi wa. Ƙananan ƙwayoyi ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne, ko uwar ta nace kada ka sayar mata. Ka kuma karɓi takardar gwajin EN71, wato ma'aunin Turai na lafiyar kayan wasan yara, daga hannun mai kaya, za ta yi maka amfani wajen SONCAP, wato shaidar ingancin da hukumar SON ke nema kafin a shigo da kaya Najeriya.

Wani abu da 'yan Chaina ba za su gaya maka ba: akwai iyaye a wajenmu da ba sa son 'yan mutum-mutumin da ke zuwa a ciki. Saboda su nake ware motoci da gine-gine zalla a gefe guda, kuma suna tafiya sosai da sallah.

Sai batun dako, inda ribar ke zurarewa. A jirgin ruwa girman kaya ake biya, kwalayen nan kuwa rabinsu iska ce. Nakan sa a fitar da ledojin a shirya su daban, a ninke kwalayen a shimfiɗe, in sun iso yaran shago su mayar. Masu batir da rimot ka gaya wa ejan tun da wuri, domin jirgin sama yana da ƙa'ida a kan batirin litiyam. Sannan a kowace tafiya nakan auno bulo zube, wanda ake sayarwa a kan jin, wato rabin kilo. Ina zuba shi a wani bokitin fenti a ƙarƙashin kanta. Ranar da uba ya shigo da fushi, yaro na biye da shi yana kuka guntu ɗaya ya ɓace, sai na jawo bokitin na ce yaron ya tona da kansa.