Yadda ake saye da kula da kayan wasanni ba tare da ƙara wa muhalli nauyi ba

A shekarar 2013 masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka sun bi diddigin takalmin gudu tun daga masana'anta har zuwa juji, inda suka gano cewa takalmin mutum ɗaya kacal, hagu da dama, na jawo fitar iskar kabon kusan kilo 14, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na iskar a wurin ƙera takalmin take fita. Dalili kuwa shi ne takalmin ya ƙunshi sassa 65 waɗanda sai an bi matakai fiye da 360 kafin a harhaɗa su. Ke nan ranar da kaya suka iso hannun ɗan wasa, ko mai horarwa, ko mai riƙe da ɗakin ajiyar ƙungiya, an riga an yi mafi yawan ɓarnar, kuma abin da ya rage a hannunsa shi ne ya ga kowane kaya ya yi ƙarko iyakar iyawarsa. A kan wannan aka gina matakan da ke tafe.

Da farko a fito da duk abin da ake da shi a ƙirga, a ware masu lafiya, da masu neman gyara, da waɗanda suka gama aiki. Sau da yawa a nan ake gane cewa wani abin da aka yi niyyar saye yana ajiye a ƙasan jaka.

Mataki na biyu shi ne saye, kuma a nan ya kamata a fi tsayawa a natsu. Tambayar da za a fara yi wa kowane kaya ita ce ko zai gyaru idan ya lalace. Ƙwallon ƙafa da aka ɗinka da hannu, irin wanda garin Sialkot na Pakistan ya yi suna da shi, ana iya warware ɗinkinsa a sauya robar ciki mai riƙe iska a sake ɗinkewa, amma wanda aka manne sassansa da gam da zafi, da zarar ya fashe da wuya ya dawo. Haka ma gangar jikin keke ko sandar wasa ta alminiyam: idan ta gama aiki ana narkar da ita, kuma narkarwar ba ta cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabon alminiyam. Zaren kabon kuwa, wanda shi ma ake ƙera kekuna da sandunan wasa da shi, duk da rashin nauyinsa da ƙarfinsa, an daskarar da shi cikin wani irin ƙaro da ba ya narkewa, shi ya sa mafi yawansa juji yake ƙarewa. Wanda ke gasa a matakin ƙoli yana da hujjar neman sa, amma a ganina mai motsa jiki sau biyu a mako ba shi da ita. Kuma kada sauƙin kuɗi ya ruɗi mutum, domin araha ba ta ado: takalmi biyu marasa ƙwari sun fi guda ɗaya mai ƙwari cutar da muhalli.

Bayan nan a karanta takardar da ke jikin kayan. Kalmar “mai kare muhalli” ita kaɗai ba shaida ba ce, kowane kamfani na iya buga ta. Abin nema shi ne tambarin wata hukuma mai zaman kanta, kamar GRS da ke tabbatar da yawan abin da aka sake sarrafawa a cikin yadi, ko FSC da ke nuna cewa katako ko robar itace sun fito daga dajin da ake kula da shi, ko bluesign da ke sa ido kan sinadaran rini da na wanki a masana'anta. Rigunan 'yan wasa galibi na foliyesta ne, shi kuwa daga ɗanyen mai ake samun sa. Tun da Adidas ya ƙulla haɗin gwiwa da ƙungiyar kare teku ta Parley for the Oceans a 2015, rigar da aka yi da tsofaffin robobi ta zama abin talla a ko'ina. Ta fi sabon foliyesta, babu shakka, sai dai gorar roba tana iya sake zama gora sau da dama, ita kuwa riga, musamman idan an cakuɗa zarenta da zare mai talewa, yawanci daga ita sai bola. Don haka a fifita yadin da ke da zare iri ɗaya. Idan rigar ruwa ce, a nemi wadda aka rubuta babu sinadaran PFAS, masu hana ruwa ratsa yadi, a jikinta, domin ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Saboda su ne hukumar wasan zamiya a ƙanƙara ta duniya ta haramta kakin gogi mai fulorin, wanda ake shafawa a ƙasan allon zamiya, a gasanninta tun daga kakar 2023 zuwa 2024.

Na uku shi ne kulawa ta yau da kullum, wadda ba ta cin ko sisi. Takalmin gudu yakan yi tafiyar kilomita 500 zuwa 800 kafin soson tafinsa ya mutu, amma zafi yana rage wannan sosai. Idan ya jiƙe, a zare shimfiɗar cikinsa, a cusa masa tsohuwar jarida har ta cika bakin yatsu, a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Bayan 'yan sa'o'i za a ciro takardar ta yi sharkaf, sai a sauya wata. Wanda ya shanya shi a tsakar rana ko kusa da wuta zai ga bakin tafin ya fara ɗagowa kamar leɓe, saboda gam ɗin ya saki. A riƙa kwance igiya kafin a cire shi, domin take dunduniya da ɗaya ƙafar yana karya bayan takalmin. Ƙwallo kuma a hura masa iska daidai da adadin da aka rubuta kusa da bakinsa, a jiƙa allurar famfo kafin a soka, kuma kada a bari yara su zauna a kansa.

Wanki ma yana da nasa ƙa'idar. Wani bincike na jami'ar Plymouth a Ingila a 2016 ya nuna cewa wankin kilo 6 na yadin roba a inji yana iya sakin ƙananan zaruruwa har fiye da 700,000 cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani, kuma wasunsu a koguna da teku suke ƙarewa. A tara riguna su cika injin kafin a kunna, a yi amfani da ruwan sanyi, a juya bayansu don lamba da tambari kada su ɓare, a kuma shanya a igiya.

Na huɗu, a gyara tun ɓarakar tana ƙarama. Tafin da ya ɗago, raga da ta huje, igiyar raket da ta tsinke, duk aikin ɗan lokaci ne a hannun mai gyara. Abin da ya yi wa yaro kaɗan a miƙa wa na bayansa, kuma sayen gwanjo ba abin kunya ba ne. Abu ɗaya ne ba na yarda a yi sassauci a kansa: hular kwano. Idan ta taɓa buguwa da ƙarfi, soson cikinta ya riga ya danne ko da ba a ga tsaga ba, don haka ba a gyara ta, ba a kuma bayar da ita.

Daga ƙarshe sai kayan da suka mutu murus. A tambayi mai sayarwa ko yana karɓar tsofaffi. Kamfanin Nike tun farkon shekarun 1990 yake niƙa tsofaffin takalma ana shimfiɗa filayen wasa da su, kuma a Faransa tun 2022 doka ta ɗora wa masu ƙera kayan wasanni nauyin tattara su bayan sun tsufa. Ƙwallon tanis da ya yi laushi ga gasa yana da sauran amfani a horar da yara. Gasar Wimbledon ma, wadda ke cin ƙwallaye fiye da 50,000 a shekara, sayar wa 'yan kallo take yi da waɗanda aka buga.

Masu wasa a ciyawar roba suna da ƙarin aiki guda. Baƙaƙen ɓarɓashin da ke cika safa da takalmi niƙaƙƙiyar tayar mota ce, kuma Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa za a daina sayar da irinsa daga 2031. Kafin a bar fili, a cire takalmi a kakkaɓe shi a kan ciyawar, a juya safa a girgiza, sannan ƙungiya ta ajiye buroshi a bakin ƙofa ta kuma sa raga mai ƙananan idanu a bakin magudanar ruwan filin.